Jan ƙarfe ya ƙi HCl amma ya narke a naitirik, ina matsalar take?

Ɗalibar_kimiyya ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Dan Allah masu sanin kemistiri ku taimaka min, akwai abin da ya tsaya min a rai kuma jarrabawa tana matsowa. An koya mana cewa idan ƙarfe ya haɗu da asid abin da ake samu shi ne gishiri da iskar haidurojin, haka aka rubuta a allo haka muka haddace. To da muka shiga lab sai aka jera testub kowanne da sirkakken HCl wato haidurokulorik asid a ciki, aka jefa magniziyam a ɗaya, zink a ɗaya, sai baƙin ƙarfe, sai alminiyam, sai jan ƙarfe. Magniziyam kam kafin ƙiftawar ido ya ɓace, kumfa kawai yake yi har testub ɗin ya yi ɗumi a hannu, da aka kara tsinke mai wuta a bakinsa muka ji 'yar ƙarar nan fof. Zink yana yi amma a hankali, baƙin ƙarfe sai ka ƙura ido sannan ka ga 'yan kumfa suna hawa. Jan ƙarfe kuwa ko gezau, yana kwance a ƙasa yadda aka jefa shi.

Malam ya ce ai jan ƙarfe ba ya riyakshan da asid, na yarda. Amma daga baya sai ya ɗauko kakkauran HNO3 wato naitirik asid ya ɗiga a kan wani guntun jan ƙarfen, wallahi nan take wani hayaƙi mai ruwan ƙasa ya turnuƙe ruwan ya koma kore, ƙarfen yana narkewa muna kallo. To yanzu wanne zan ɗauka? Shi HCl an ce mana asid ne mai ƙarfi, HNO3 ma mai ƙarfi ne, ko dai naitirik ɗin ya fi shi ƙarfi ne shi ya sa? Kuma in har ƙarfe da asid haidurojin suke bayarwa, ina haidurojin ɗin a nan, ai shi ba shi da kala.

Sannan alminiyam ma ya rikita ni, a jerin da aka ba mu yana sama da zink amma a testub ya daɗe bai motsa ba, zink ya riga shi nesa ba kusa ba. Ba na son in haddace abu ban gane shi ba, dan Allah a warware min.

Ɗan_aji_na_ƙarshe ya rubuta:

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Amsar ta farko tana cikin jerin ƙarafan nan da ake cewa a haddace, K, Na, Ca, Mg, Al, Zn, Fe, Sn, Pb, H, Cu, Hg, Ag, Au. Ki lura haidurojin ba ƙarfe ba ne amma an saka shi a ciki da gangan, shi ne iyaka. Duk wanda yake samansa zai iya korar shi daga sirkakken asid, duk wanda yake ƙasa ba zai iya ba, kuma jan ƙarfe yana ƙasa da shi daf, shi ke nan. Shi ya sa

Mg + 2HCl → MgCl2 + H2

Zn + H2SO4 → ZnSO4 + H2

amma Cu wato jan ƙarfe da HCl in an tambaye ki sai ki rubuta babu riyakshan kawai, za ki samu makinki. Na naitirik ɗin kuma ni yadda na ɗauka shi ne ya fi sauran ƙarfi ne, tunda har azurfa yana ci. Bari dai manya su zo su ƙara bayani.

Tsohon_malamin_kemistiri ya rubuta:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yata kin yi tambaya mai kyau, kuma na ji daɗi da kika ce ba kya son hadda babu fahimta, domin a daidai wannan gaɓar ne yara da yawa suke yanke ƙauna da kemistiri su ce ba shi da ƙa'ida, alhali yana da ita. Ɗana da ya amsa a sama ya yi daidai a kan jerin, amma maganar cewa naitirik ya fi ƙarfi ba ita ba ce, a ajiye ta. Idan aka ce asid yana da ƙarfi ana nufin yana sakin duka H+ ɗinsa, wato haidurojin da ya rasa ilektiron ɗinsa, a cikin ruwa, kuma HCl da HNO3 duk suna yin haka. Da yawan H+ ne ke narkar da jan ƙarfe da kakkauran HCl ma ya fitar da haidurojin da shi, amma ba ya yi.

Mu fara da abin da yake faruwa a testub ɗin zink. Ki cire Cl daga ikweshan ɗin tunda yadda ya shiga haka ya fita, ɗan kallo ne kawai, abin da zai rage shi ne

Zn + 2H+ → Zn2+ + H2

Zink ya ba da ilektiron biyu ya zama ayon wato atom mai caji ya shiga ruwa, H+ guda biyu suka karɓi ilektiron ɗin suka haɗe suka zama iska suka tashi. Wannan shi ne dukkan labarin, ƙarfen bai ɓace ba, yana nan cikin ruwan a matsayin Zn2+, in kika ƙafar da ruwan za ki ga gishirinsa. Bayar da ilektiron shi ake kira oksideshan, karɓa kuma ridakshan. To jerin nan da kuke haddacewa ba komai ba ne illa jerin wanda ya fi sauƙin sakin ilektiron ɗinsa. Na sama hannunsu a sake yake, na ƙasa sun damƙe.

Kuma ba da ka aka tsara shi ba, aunawa aka yi. An ɗauki haidurojin a matsayin sifili aka gwada kowane ƙarfe da shi a ma'aunin volt (V), magniziyam ya ba da −2.37 V, alminiyam −1.66, zink −0.76, baƙin ƙarfe −0.44, dalma −0.13, sai aka tsallaka sifili, jan ƙarfe +0.34, azurfa +0.80, zinari +1.50. H+ yana iya karɓar ilektiron ne kawai daga wanda lambarsa take ƙasa da sifili. Jan ƙarfe ya fi H+ son ilektiron ɗin, to ta yaya zai ba shi? Ko wata guda kika bar su tare haidurojin ba zai fito ba.

Yanzu ga naitirik. A cikin HNO3 akwai H+ kamar kowane asid, amma abokin tafiyarsa wato NO3− ba ɗan kallo ba ne irin Cl−. A cikin ruwa mai asid shi ma yana karɓar ilektiron, kuma ya fi H+ iya ƙwacewa sosai, lambarsa +0.96 V ce idan zai koma NO. Ki gwada ta da +0.34 ta jan ƙarfe, ta fi ta, don haka zai ƙwace. Ki gwada da +0.80 ta azurfa, ta fi ta, shi ya sa azurfa ma take narkewa. Ki gwada da +1.50 ta zinari, ba ta kai ba, shi ya sa zinari yake zama lafiya lau a cikin naitirik.

Tunda NO3− ne ya karɓi ilektiron ɗin ba H+ ba, iskar da za ta fito daga jikinsa za ta fito. Da kakkaura:

Cu + 4HNO3 → Cu(NO3)2 + 2NO2 + 2H2O

NO2 shi ne hayaƙin mai ruwan ƙasa da kika gani. Kin tambaya ina haidurojin ya tafi, ki duba ƙarshen layin, ga shi nan a H2O, ya haɗu da oksijin ɗin da NO3− ya saki ya zama ruwa. Da sirkakke kuma:

3Cu + 8HNO3 → 3Cu(NO3)2 + 2NO + 4H2O

NO ba shi da kala, amma yana isowa bakin testub ya gamu da oksijin na iska sai ya rikiɗe ya zama NO2, shi ya sa za ki ga cikin testub ɗin fes amma bakinsa ya yi ja-ja. Masu jarrabawa suna son wannan tambayar ƙwarai. Koren da kika gani kuma in aka ƙara masa ruwa zai koma shuɗi, kalar Cu2+ ke nan a ruwa.

H2SO4 wato salfurik asid ma yana da irin wannan fuska biyun. Sirkakke halinsa irin na HCl ne, ba ya taɓa jan ƙarfe. Kakkaura mai zafi kuwa

Cu + 2H2SO4 → CuSO4 + SO2 + 2H2O

nan ma babu haidurojin, SO2 ne mai shaƙe maƙogwaro.

Saboda haka ƙa'idar da aka rubuta muku a allo gaskiya ce amma an yanke mata sharuɗɗanta, kuma wannan yana damuna da yadda ake koyar da ita. Cikakkiyarta ita ce ƙarfen da yake sama da haidurojin, da sirkakken HCl ko sirkakken H2SO4, su ne suke ba da gishiri da haidurojin. Naitirik ko da zink kika haɗa shi galibi ba haidurojin zai ba ki ba, sai dai in an sirka shi sosai sosai aka sa magniziyam, nan ana samun haidurojin. Wannan ne dalilin da ba a amfani da shi wajen haɗa haidurojin a lab.

Ɗalibar_kimiyya ta rubuta:

Malam Allah ya saka da alheri, wallahi yanzu na ga inda ruwan nan na ƙarshen ikweshan yake fitowa, da ina ganinsa ne kawai. Amma Malam da lambobin nan da ka kawo sai maganar alminiyam ta ƙara ɗaure min kai, −1.66 ai kusa yake da magniziyam, kamata ya yi a ce ya yi ta tafasa tun farko. Kuma akwai wani abu, testub ɗin jan ƙarfe da HCl ba a zubar ba an bar shi a gefe, da muka dawo lab wani satin ruwan ya yi kore-kore. In babu riyakshan me ya canza masa kala?

Mai_kula_da_lab ya rubuta:

Ƙanwata bari in shigo nan da izinin Malam, tunda wanke testub ɗin nan da haɗa asid ɗin shi ne aikina kullum. Abin da littafi ba ya yawan faɗa shi ne ƙarfen da kike jefawa a asid ba tsirara yake ba. Alminiyam saboda tsabar saurin riyakshan ɗinsa, ana yanka shi iska ta taɓa shi sai fatarsa ta haɗu da oksijin ta zama Al2O3, siririn ɓawo ne da ido ba ya gani, kaurinsa 'yan nanomita ne kawai, amma ya manne gam babu ƙofa, kamar fenti a jikin ƙofar ƙarfe. Asid ɗin sai ya fara cinye wannan ɓawon kafin ya isa ga ƙarfen. Lokacin da kuka ga kamar bai motsa ba aikin da ake yi ke nan. Da kun ƙara haƙuri da kun ga abin mamaki, kumfa za ta fara ɗaya ɗaya daga gefen da aka yanka, sai ta ƙaru, ruwan ya yi zafi ya yi ruwan toka, zafin kuma ya ƙara masa sauri, wani lokaci har ya yi ambaliya ya fito daga testub. A nan zai wuce zink ya bar shi a baya.

2Al + 6HCl → 2AlCl3 + 3H2

In ana son a ga halinsa na gaskiya da wuri sai a goge shi da samfefa a jefa nan take. Kuma HCl ya fi sirkakken H2SO4 saurin fasa ɓawon, saboda Cl− yana taimakawa wajen huda shi. Magniziyam ma da kika ga ya yi sauri ina kyautata zaton an goge shi kafin a ba ku, in ya daɗe a ajiye yakan yi duhu, in an goge sai ya yi ƙyalli.

Dalma ita kuma nata daban ne, ba ta zo da ɓawo ba, asid ɗin ne yake yi mata shi. Tana sama da haidurojin, in kika sa ta a sirkakken H2SO4 za ta ɗan fara sai ta tsaya cak, domin gishirin da ake samu PbSO4 ba ya narkewa a ruwa, sai ya kwanta a jikinta fari fat ya raba ta da asid ɗin. Da HCl mai sanyi ma kusan haka ne tunda PbCl2 kaɗan yake narkewa. Tun da daɗewa aka san wannan, a 1746 John Roebuck a Ingila ya fara haɗa salfurik asid a cikin ɗakunan da aka shimfiɗe da dalma saboda asid ɗin ba ya cinye ta. Kalsiyam da H2SO4 ma haka, duk da yana can sama, CaSO4 yana lulluɓe shi riyakshan ɗin ya mutu.

Wanda ya fi ba yara mamaki shi ne kakkauran naitirik ɗin nan da ya cinye jan ƙarfe, in kika sa masa alminiyam ko baƙin ƙarfe babu abin da za ki gani. Yana ƙwace ilektiron na fatar da ƙarfi ne har ya gina musu ɓawon oksaid mai tauri nan take, sai su zama kamar ba su san da asid ba. Har tankin alminiyam ake ɗaukar kakkauran naitirik a ciki.

Maganar koren ruwan jan ƙarfe kuma idonki ya gani daidai, kuma bai karya maganar Malam ba. Abu biyu ne. Na farko jan ƙarfen da ya daɗe a kwalba yana da ɗan oksaid a jikinsa, shi kuma oksaid kowane asid yana narkar da shi, CuO + 2HCl → CuCl2 + H2O, shi ya sa in kika ciro ƙarfen za ki ga ya yi haske fiye da da. Na biyu testub ɗin a buɗe aka bar shi, oksijin na iska yana narkewa a ruwan, shi kuma a cikin asid lambarsa +1.23 V ce, ta fi ta jan ƙarfe, to a hankali shi yake karɓar ilektiron ɗin:

2Cu + O2 + 4HCl → 2CuCl2 + 2H2O

Kin ga nan ma babu haidurojin, H+ bai karɓi komai ba.

Dan Allah abu ɗaya nake roƙon duk ɗalibin da yake karanta wannan. NO2 ɗin nan guba ne na gaske, mutum zai iya shaƙarsa ya ji kamar ba komai sai bayan sa'o'i huhu ya fara tara ruwa, ba a yin wannan gwajin sai a cikin akwatin zuƙe hayaƙi kuma malami ne zai yi. Sodiyam da fotasiyam kada a kuskura a kusantar da su asid, da ruwa kawai ma suna iya kama wuta balle asid. Wajen sirkawa asid ake zubawa a cikin ruwa a hankali, ba a zuba ruwa a cikin asid, musamman H2SO4, zafin da yake fitarwa zai sa ya fantsamo fuska. Kada a toshe testub ɗin da yake fitar da iska gam, kuma gilashin kare ido ya zauna a ido ba a goshi ba.

Ɗalibin_jami'a ya rubuta:

Malam da Yaya mai lab sun gama magana, ni dai zan ƙara abu biyu da nake ganin ana yawan zubar da maki a kansu.

Baƙin ƙarfe da HCl mutane suna rubuta FeCl3, ba haka ba ne, FeCl2 ne.

Fe + 2HCl → FeCl2 + H2

Dalilin shi ne wanda Malam ya kawo, H+ ya iya karɓar ilektiron biyu daga Fe amma na ukun ya fi ƙarfinsa, tsakanin Fe3+ da Fe2+ lambar +0.77 V ce, ta haye sifili. Ruwan zai yi kore mai haske sosai, in ya kwana biyu a buɗe ne zai fara komawa rawaya saboda oksijin yana mayar da Fe2+ zuwa Fe3+. In FeCl3 ake so kai tsaye sai a bi da iskar kulorin ta kan baƙin ƙarfe mai zafi. Da H2SO4 ma FeSO4 ne.

Na biyu a raba sauri da yawa, ba abu ɗaya ba ne. Jerin ƙarafa, kaurin asid, zafi, da ko ƙarfen gari ne ko dunƙule, duk waɗannan sauri suke canzawa. Amma yawan haidurojin da za a samu a ƙarshe lissafin mol ne, in dai asid ya wadata. Misali 0.12 g na magniziyam, a raba da 24 an samu 0.005 mol, kowane mol na Mg yana ba da mol ɗaya na H2, a ninka da 22.4 dm3 an samu 0.112 dm3 wato 112 cm3 a STP, ma'ana a zafi da matsin iska na ƙa'ida. Ko gari ne ko zare, ko asid ɗin da ɗumi ko da sanyi, in an auna a STP sirinjin da ake tara iskar a 112 zai tsaya, bambancin kawai yaushe zai kai can. Ko itanoyik asid wanda ba shi da ƙarfi kika sa, zai ja lokaci saboda H+ ɗinsa kaɗan kaɗan yake saki, amma in ya wadata nan zai kai.

Ki gwada da giram ɗaya ɗaya ki ga. Zink mai nauyin 65 zai ba da kusan 0.34 dm3, baƙin ƙarfe mai 56 zai ba da 0.4, magniziyam kusan 0.93, alminiyam kuwa kusan 1.24, saboda nauyinsa 27 ne kawai kuma kowane atom ilektiron uku yake bayarwa ba biyu ba. Wato baƙin ƙarfen da kika ce sai kin ƙura ido ya fi zink yawan iska a kowane giram, duk da zink ya fi shi sauri.

Ɗan_aji_na_ƙarshe ya rubuta:

To Malam in naitirik bai kai ya ci zinari ba, HCl ma bai kai ba, me ya sa in aka haɗa su biyun suke narkar da shi? Na ga an ce kashi 3 na HCl da kashi 1 na HNO3.

Tsohon_malamin_kemistiri ya rubuta:

Haka ne ɗana, kakkaura da kakkaura, shi ake kira akwa rejiya. Aiki suka raba. Naitirik yana iya ɓantaro ɗan Au3+ kaɗan ƙwarai wanda ba ya ko aunuwa sai abin ya tsaya, to Cl− na HCl sai ya kama wannan ɗan kaɗan ɗin ya ɗaure shi ya zama AuCl4−, da an kwashe shi sai naitirik ya sake ɓantaro wani, haka har zinarin ya ƙare. Ka ga Cl− ɗin da na kira ɗan kallo a wajen zink, a nan yana da aiki. A 1940 lokacin da sojojin Jamus suka shiga Denmak, George de Hevesy ya narkar da lambobin yabo na Nobel na zinari na Max von Laue da James Franck a cikin wannan ruwan a cibiyar Niels Bohr da ke Kofanhegan don kada a ƙwace su, ya ajiye kwalbar a kan kanta tare da sauran kwalabe, bayan yaƙi aka fitar da zinarin aka sake ƙera lambobin.

Lissafin da ɗalibin jami'a ya kawo ma ya tuna min da Henry Cavendish. A 1766 ya yi irin gwajin da kuka yi, zink da baƙin ƙarfe da kuza a cikin HCl da H2SO4, ya tara iskar ya auna, ya ga in nauyin ƙarfen ɗaya ne to yawan iskar ɗaya ne ko wane asid ya sa. Wannan ya sa ya ɗauka daga cikin ƙarfen iskar take fitowa. Awonsa daidai ne, fassarar ce ta kauce, domin a lokacin ba a san ilektiron ba sai a 1897. Iskar daga asid take, ƙarfen ilektiron kawai ya bayar, kuma yawan ilektiron ɗin da ya bayar ne yake yanke yawan iskar.

Ɗalibar_kimiyya ta rubuta:

Na gode ƙwarai Malam, na gode Yayyena. Ta ƙarshe dan Allah, akwai tambayar da na gani a tsofaffin takardu, an ce a bayyana yadda za a haɗa gishirin CuSO4 a lab da sirkakken H2SO4. Tunda jan ƙarfen ba zai yi ba me za a sa?

Mai_kula_da_lab ya rubuta:

CuO za ki sa ƙanwata, baƙin garin nan, ko CuCO3. A cikinsu jan ƙarfen ya riga ya zama Cu2+ don haka ba a buƙatar wanda zai ƙwace masa ilektiron, H+ zai haɗu da oksijin ɗin ne kawai su zama ruwa.

CuO + H2SO4 → CuSO4 + H2O

Ki ɗumama asid ɗin a bika kada ya tafasa, ki riƙa zuba garin kaɗan kaɗan kina juyawa, ruwan zai riƙa yin shuɗi, ki ci gaba har sai kin ga baƙin gari ya kwanta a ƙasa ya ƙi narkewa, alamar asid ya ƙare ke nan, kuma ki rubuta wannan dalilin a amsarki don akwai maki a kansa. Sai ki tace ki cire ragowar garin, ki ɗora ruwan a wuta ya ragu amma kada ki bari ya ƙafe ƙurmus, in ya ƙafe ruwan da yake cikin ƙwayoyin zai fita ki samu farin gari maimakon CuSO4.5H2O. Ki sauke ki bar shi ya huce ƙwayoyin su fito, ki tace su ki busar tsakanin takardun tacewa. In CuCO3 kika zaɓa za ki ga kumfa, amma CO2 ce, a gwada ta da ruwan Ca(OH)2 zai yi fari, tsinke mai wuta kuma mutuwa zai yi a bakinta.